Mutuwar Wendell ta Talatin da Biyar

Sau talatin da huɗu na kashe Wendell Thayer, kuma ko sau ɗaya bai mutu da wuri ba.

Maƙwabcina ne, mai gyaran famfo, a wani ɗan gari na jihar Massachusetts da ba shi da abin nunawa sai gadar katako ɗaya da dutsen da ke gindinta. A jikin dutsen an rubuta cewa a nan manoman garin suka tare sojojin Sarkin Ingila a zamanin mulkin mallaka, suka fatattake su. Duk watan Afrilu mukan sake buga wannan yaƙi, da tsofaffin bindigogi masu albarushi ba harsashi. Matsalar ita ce kowa manomi yake son zama. Ba mai son jar rigar sojan Sarki, don aikin mai ita biyu ne, ko ya mutu ko ya gudu.

Wendell ya shiga jar riga ne don ita kaɗai ta rufe tumbinsa. Shekarar farko na harbe shi, ya faɗi tim kamar buhun dankali, jama'a suka tafa. Tafin nan ne ya lalata mana shi. Mutum ne da yake wuni a kwance ƙarƙashin wurin wanke-wanken mutane, ba wanda ya taɓa yi masa tafi sai ranar.

Da shekara ta zagayo, sai da ya dafe ƙirji ya yi taku uku kafin ya faɗi. A ta biyar ya fara kiran wata uwa da ya ƙirƙiro wa kansa a Ingila. A ta goma ya ƙara da wasiƙar ban kwana, shafi biyu, da yake karantawa a durƙushe. Akwai shekarar da ya dira cikin kogi, ruwan ƙanƙarar da ta narke ya ja shi har bayan coci, yana ɗaga wa mutane hannu. Ni kuwa ina tsaye da bindiga, kafaɗa ta yi tsami.

"Don Allah Wendell, ka mutu mana, kofi na hucewa!"

Sai ya buɗe ido ɗaya. "Harbinka ne ba kyau, Gordon. Da ka iya saiti da tuni na tafi."

Haushinsa nake ji, ba ƙarya. Ni ne gwarzon yaƙin, amma ko hotona ba a ɗauka.

Bara likita ya sauya masa ƙashin ƙugu, ya ce idan ya sake faɗuwa sai keken guragu. Matarsa Dorcas ta kai maganar wurin Lorraine Pacheco, shugabar kwamitin bikin, aka kira shi.

"Mun ƙara maka girma," in ji Lorraine. "Bana kai ne hafsa. Kai za ka ja sojoji ku gudu."

"Ni? Gudu? Baiwar Allah, tun daga Boston ake zuwa kallon mutuwata!"

"Mutum huɗu ne, biyu kuma ƙannen matarka."

Dorcas ta nuna shi da yatsa. "Ka faɗi a gadar nan ka gani, tsoho. Ni zan ƙarasa ka a gida."

Ni ma aka ja mini kunne kada in kuskura in saita shi. Sati uku bai gaishe ni ba.

Ranar biki muka yi harbi, hayaƙi ya turnuƙe, masu jar riga suka ranta a na kare. Da hayaƙin ya washe sai ga Wendell shi kaɗai a tsakiyar gada, ya dogara da sandarsa ta asibiti.

"Gudu, Wendell!" Lorraine ta kwarara ihu ta lasifika.

"Ba inda za ni!"

Wajen minti goma Sarkin Ingila yana riƙe da garinmu. Mutane suka fara duban juna, wani ya tambaya ko bana mu aka ci da yaƙi. Wendell ya dube ni, muryarsa ta sauka.

"Gordon, ka harbe ni. Sau ɗayan nan kawai. Kada in bar gadar nan da ƙafata, ana kallo."

Na waiwayi Dorcas. Ta harare ni, ta harare shi, sannan ta ɗaga kai kaɗan. Na ja kunamar bindiga.

Ya dafe ƙirji, ya kalli katakon da ke ƙasa, sai na ga tsoro a idonsa. Yana son faɗuwa, ya kasa. Ban san sa'ad da na yar da bindigata ba. Manoma shida muka ruga kan gada, wannan ya riƙe kafaɗa, wancan ya tallabe ƙugu, muka kwantar da abokin gabarmu a hankali. Babu kiran uwa, babu wasiƙa. Sai tafi ya ɓarke har daga tsallaken kogi. 

Na sunkuya na ce, "To gawa, kawo hannu in ɗaga ka."

Idonsa a rufe, hawaye na gangarawa cikin kunnensa.

"Dakata tukuna," ya ce. "Bari su gama."