Yatsu Goma: Kwana Biyu a Illela da Lalle a Hannu

Litinin, daga gida zuwa Tozai

Ƙarfe biyar da minti arba'in na asuba muka bar gida, ni da Kawu Nomau, ƙanen Innata, a kan babur ɗinsa. Takarduna suna cikin leda, ledar tana cikin hijabi. 'Yan ajinmu, kun yi ta tambayata a zaurenmu na waya me ya same ni a Illela har na dawo ina cin tuwo da cokali. To ga labarin tun daga farko. Idan kun ga rubutun ya karkace, ku yi haƙuri, hannun bai gama dawowa daidai ba, zuciyar ma haka.

Abin da ya fitar da ni rajistar jarrabawar shiga manyan makarantu. Kun san ungozoma nake son karanta. Bara ban samu yi ba saboda jinyar Baba, shekara guda na zauna ina koyar da yara a Islamiyyarsa. Bana kuma sai da ya rage kwana biyu a rufe sannan lambar shaidata ta fito daidai. Ke nan Litinin da Talata kawai gare ni. In suka wuce, wata shekarar ce.

Ranar Juma'a aka yi sunan ɗiyar Yaya Rabi, aka yi mana lalle har wuyan hannu. Ni kuwa na yi dabara: na hana a taɓa manyan yatsuna biyu, tunda da su ake dangwale. Mata suka yi ta yaba mini, wai ilimin boko ya yi rana. Ni ma na yaba wa kaina.

Kafin Tozai 'yan sintiri suka tare mu da igiya. Sun san Kawu, gaisuwa kawai aka yi, suka haska fuskata suka sauke igiyar. Muna wucewa wayata ta yi ƙara, saƙo ya shigo da Faransanci yana yi mini maraba da zuwa Nijar, alhali ko gonar albasar Tozai ba mu fita ba. Kawu ya ce shi ya daɗe da daina mamaki. A ganinsa sabis kamar hadari yake, ba ruwansa da iyaka, inda iska ta kaɗa shi nan yake zuba. Layi biyu gare shi, na nan da na can, kuma ya ce duk wanda ya zauna bakin iyaka da layi ɗaya bai shirya magana da kowa ba.

Illela, wurin rajista

Ƙarfe bakwai da minti goma muka shiga Illela. Jiya aka ci kasuwa, hanya duk kashin shanu da ɓawon albasa. Muka sha kunu da ƙosai a bakin tasha, Kawu ya ajiye ni a wurin rajistar ya wuce harkarsa, da alkawarin zai dawo ya ɗauke ni da azahar.

Wurin ɗaki biyu ne da rumfa. A kan rufin an kafa doguwar gora, an ɗaure 'yar na'urar kama sabis a samanta, an juya fuskarta kudu. Na tambaya, aka ce don kada ta kamo na Ƙonni, garin Nijar da ke tsallaken iyaka. Aka ba ni lamba ashirin da uku.

Awa shida na yi a rumfar nan, kuma na ji ra'ayi iri-iri. Wani mai gilashi ya ce laifin babbar kwamfutar da ke can birnin tarayya ce, ƙasa duka ta taru a kanta kamar rijiya ɗaya a ƙauye. Wani ya ce a'a, da gangan ake rage mana sabis don muna bakin iyaka. Wata ta ce ita abin da ba ta gane ba, me ya sa kowace hukuma sai ta ɗauki yatsunka daban, su kwamfutocin ba sa magana da juna ne? Wannan tambayar ta burge ni, kuma har yau ban ji wanda ya amsa ta ba. Akwai wani dattijo manomi da ya zo gyaran katin shaida a ɗaki na biyu, zuwansa na uku ke nan, na'ura ta ce ba shi da zanen yatsa. Ya buɗe mana tafinsa, ya yi sumul kamar ƙotar fartanya. Ya ce shekara hamsin yana noma da hannun, yau an ce babu shi.

Ƙarfe ɗaya da kwata aka kira ni. Mai aikin mace ce, Malama Shafa, siririya, idonta ya yi ja don kallon allo. Na miƙa babban yatsa cike da jin kai. Ya yi kore. Na miƙa ɗayan, ya yi kore. Har na fara gyara hijabi zan tashi, ta ce saura takwas.

Ban san goma ake ɗauka ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini.

Na ɗora huɗun dama, allo ya yi ja. Ta goge gilashin, na sake, ya sake yin ja. Ta juya hannuna ta duba, ta ce lallen ɗanye ne kuma ya yi kauri, in dawo gobe da safe, ta kira lamba ta gaba. Ina fita mai gilashin nan ya tare ni da bayani: wai duk wanda na'ura ta ƙi sau uku, kwamfuta tana rubuta shi a cikin masu yi wa wasu jarrabawa, a rufe lambarsa har abada. Ni kuwa an ƙi ni sau biyu. Na zauna a bakin rumfa ina kuka har Kawu ya zo.

Masauki, gidan Gwaggo Kulu

Kawu ya kai ni gidan Gwaggo Kulu, yayar Baba, wadda ke saro atamfa da sabulu daga Ƙonni. Ya ce zai koma gida ya shaida wa Inna, gobe ya dawo. Gwaggo ta ji labari, ta kama hannuna ta ɗaga sama kamar mai duba yadi.

"Wanga ɗan abu ne ya sa ki kuka? Ni da nike fidda tabon manja ga farar shadda? Zamna nan, ɗiyata."

Kafin la'asar tsakar gida ta cika da maƙwabta, kowace da maganinta. Wata ta ce lemun tsami, wata toka, wata kanwa, wata man goge haƙori. Gwaggo ta haɗa su duka, ta ƙara da nata: jabel, ruwan nan mai ƙarfi na wankin fararen kaya da ake kawowa daga Nijar. Ta jiƙa yatsuna huɗu na dama a ciki, ta ɗauko dutsen goge kaushi ta shiga aiki. Tana gogewa tana faɗa wa na'ura baƙar magana, wai ƙarfen da ba ya son lalle ba ɗan gidan mutunci ba ne.

Lallen ya fara kodewa, mata suna cewa madalla. Ni kuwa yatsun sun ɗauki zafi kamar na taɓa garwashi. Da ta miƙo hannu za ta kama na hagu, sai na ɓoye shi a bayana. Ban taɓa yi wa Gwaggo musu ba sai ranar. Na ce mata a bar ɗaya yadda yake, gobe mu ga wanda na'urar za ta karɓa, don in an yi wa duka abu ɗaya ba za mu san mai amfani ba. Wannan a ajin kimiyya na koya, kun tuna wake biyu da muka shuka, ɗaya a rana ɗaya a akwati. Gwaggo ta ce ɗiyan boko ba su da godiya, ta tashi ta ɗora tukunya.

Tuwon gero ne da miyar kuka, da cokali na ci. Da safe ta ba ni shayi da dogon burodin Ƙonni, ta cusa mini ɗan gwangwanin man kaɗe a jaka ba tare da ta dube ni ba.

Talata, ranar rufewa

Ƙarfe bakwai ina bakin ƙofa. Sabis bai zo ba sai goma saura. Da na zauna, Malama Shafa ta dubi hannun dama, fari fat, ya yi laushi kamar na mai wankau, ta ajiye abin da ke hannunta.

"Mi kinka yi ma yatsunki?"

Na gaya mata. Sannan ta yi mini bayanin da na so a ce jiya ta yi. Na'urar ba launi take dubawa ba, 'yan layukan nan na fatar yatsa take bi. Sabon lalle yana cike su ya busar da fata, amma yana saki da kansa. Jabel da dutse kuwa layukan suke cinyewa. Na tambaye ta maganar rufe lambar wanda aka ƙi sau uku. Ta ce in nuna mata wanda ya faɗa. Na nuna mai gilashi ta taga, yau ma yana rumfa yana ba wasu bayani. Ta ce shi kansa jiya sau bakwai ya gwada, gumi ya hana shi. Ba wata rufe lamba. Abin da ke akwai guda ne: ƙarfe huɗu shafin zai rufe, kuma ba ita ke da makullin ba.

Ta sa na wanke hannun hagu, na shanya, na goga yatsun a goshina su ɗan ɗauki maiƙo. Na ɗora. Kore, da lallensa da komai, a gwaji na biyu. Na dama kuwa allo ya nuna farin dunƙule huɗu, ba layi ko ɗaya. Ta ce in fita, kada in taɓa ruwa, in shafa ɗan man kaɗe kaɗan, in bar hannun a iska har kumburin ya sauka. Za ta kira ni ƙarfe uku.

Awa biyar na zauna da hannu a buɗe bisa gwiwa. Dattijon jiya ya zo ya zauna nesa kaɗan, na ba shi man kaɗen, na gaya masa dabarar goshi. A zaman nan na yi tunanin da har yanzu ina kansa. Ban ƙi na'ura ba, kuma na yarda ta hana wasu satar jarrabawa. Amma wanda ya tsara wannan aiki bai taɓa zama a rumfa irin wannan ba. Da ya zauna, da ya rubuta a jikin ƙofa, da Hausa, cewa yatsu goma ake ɗauka. Da ya san mata a nan ba sa rasa lalle wata guda cur, manoma kuma fartanya na cinye musu fata, ya tanadi wata hanyar gane mutum. Fuskata na nan, sunana na nan, Babana malami ne da gari ya sani, amma duk wannan bai kai layin ɗan ƙaramin yatsa ba.

Ƙarfe uku da minti biyar na koma. Ta ce huɗu tare ba za su yi ba, za mu bi su ɗaya-ɗaya. Manuni ya shiga a gwaji na huɗu. Na tsakiya a na biyu. Na zobe ya wahalar da mu, ya shiga. Saura ƙaramin. Ina ɗora shi allo ya tsaya cik, 'yar da'ira tana ta juyawa. Sabis ya ɗauke.

Malama Shafa ta miƙe. Ta cire takalmi, ta fita, ta kama gorar nan da hannu biyu tana murza ta a hankali, tana tambayar abokin aikinta ta taga ko sabis ya dawo. Iska ce ta juya na'urar ta fuskanci Ƙonni. Da ya dawo, shafin ya goge duk abin da muka yi, sai daga farko. Agogon bango ya nuna huɗu saura minti ashirin da biyu. Don kallon allo, hannuna ya ƙi zama daidai a kan gilashi. Ta dafe shi da nata.

"Kalli bango, kar ki kalli allo. Ni ka kallo nai."

Na kalli bango. Ina jin tana ɗaga yatsuna tana saukewa, tana ƙirgawa a hankali. Da ta ce goma ban yarda ba, sai da injin buga takarda ya fara kuka. Huɗu saura minti tara. Takardar ta fito da ɗumi, da hotona, idanu a kumbure.

Komawa gida

Kawu na waje tun azahar. Muka biya gidan Gwaggo, na nuna mata hannuwan biyu na gaya mata wanda ya ci. Ta duba, ta ce to ai man kaɗenta ne ya yi aikin, kuma ban musa ba. Ƙarfe huɗu da rabi muka kama hanya. 'Yan sintirin Tozai suka tambayi ko an dace, Kawu ya ce an dace. Ana kiran magariba muka shiga gida. Inna ta karɓi takardar ta sa a ƙarƙashin akwatinta, sannan ta riƙe hannuna na dama ta daɗe ba ta saki ba.

Abu ɗaya ya rage. Ranar jarrabawa sai an sake duba yatsu a bakin ƙofa, bikin ƙawata Hassi kuma saura kwana huɗu jarrabawar za a yi shi, ni ce babbar ƙawa. Jiya na je na gaya mata da farin hannu zan zo. Ta ce za a ɗauka daga gidan makoki na fito, na ce a ɗauka. Mun daidaita a kan ƙafa, za a yi mini har idon sawu, tunda ba a kai ga neman yatsun ƙafa ba.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Kawu Nomau da ya bar gonarsa kwana biyu, da Gwaggo Kulu da ta yi iya abin da ta sani, da Malama Shafa da ta murza gora ba takalmi. Dattijon nan ban ga fitowarsa ba, Allah ya sa nasa ya yi kore. Ku kuma masu zuwa baɗi, goma ake ɗauka.

Taku, Atika.