Rezo a Kan Baƙin Dutse

Ni ɗan ƙasar yashi ne. A ƙauyenmu, kudu da Gazawa, in kana son hangen nesa sai dai ka hau gawo. Ban taɓa ɗora ƙafa kan dutse ba sai shekarar da tsutsa ta cinye mana hatsi, ni da yayana muka bi motar masu neman zinariya zuwa arewa.

Can inda muke haƙa babu rezo, waya ba ta kamawa. Mai son jin muryar gida sai ya hau wani baƙin dutse da ke gabas da ramuka, tsirara, ko ciyawa babu. Ran Juma'a, da ba a shiga rami, muke hawa. Gindinsa tsakuwa ce mai santsi, ka taka gaba ta maido ka baya. Daga tsakiya sai rarrafe, hannu da gwiwa, dutsen na ƙona tafin hannu kamar murfin tukunya. Akwai wata tsaga da sai ka shanye ciki ka shige a karkace. Kullum Yaya ke gaba, waya ɗaure cikin rawaninsa, yana cewa, "Kar ka dubi ƙasa, dubi diddigena."

Ba zan ce sama babu kyau ba. Akwai iska, ga hamada shimfiɗe har inda ido ya gaji. Amma mu ba kallo ya kai mu ba. Mun baro Inna da ciwon ƙirji.

Wata Juma'a muka kai sama, Yaya ya yi ta juyi da waya a hannu har ta kama. Baffanmu, ƙanen Baba, wanda ke riƙe da gida tun rasuwar Baba, shi ya ɗauka. Yaya ya buɗe muryar wayar don in ji.

"Baffa, ina wuni? Ya jikin Inna?"

"Sai haƙuri. An kai ta tun ran Talata."

Ba mu gama innalillahi ba ya ce, "To ya wajen naku? An dace kuwa? 'Ya'yan maƙwabta har sabuwar moto mai ƙafa biyu sun aiko."

Yaya ya kashe wayar. Ya kama hanyar sauka, ina bin shi ina kiran ya dakata. Ƙasa da tsagar nan wani dutse ya kuɓuce ƙarƙashin ƙafarsa. Na ji ƙarar ƙashin kafin in ji ihunsa. Wasu mutanen Cadakori da suka hawo yin waya su suka taimake ni. Muka haɗa rawunanmu muka ɗaure shi, muna sauke shi daga falale zuwa falale, yana cizon hannun rigarsa. Maɗorin da ke sansanin ya yi iya yinsa, ƙafar dai ta kama a karkace.

Da ya iya zama cikin mota muka dawo gida. Masu zuwa gaisuwa suna yi mana ta'aziyya, idanunsu na kan jakunkunanmu. Muka tarar Baffa ya riga ya raba gonar kakanmu, ya ɗauki wajen kwari, ya bar mana jigawar da ko wake ba ta yi. Yaya ya je ya durƙusa da kyar, ya yi magana a hankali. Baffa ya ce, "Ku da kuka tafi zinariya, me za ku yi da noma?"

Yanzu Yaya na sayar da esansi, wato fetur, cikin kwalabe a bakin hanyar Gazawa, ƙafar miƙe kan benci. Ni nake noman jigawar. Ran kasuwa Baffa kan wuce kan amalankensa da buhunan gero, Yaya ya dafa sanda ya yunƙura ya gaishe shi. Ni ma nakan gaishe shi. Ai Baffa ne.