Akwatin Wasan Salisu Ya Fara Sauri

A wannan watan ƙanena Salisu ya cika shekara tara a kabari. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Karatuna bai wuce lakwal ta firamare ba, sauran rayuwata kuma na yi ta ne a magazar hatsi a nan Dakoro, ina karɓar buhunan gero ina jerawa, har na aje aiki. Bana na ɗauki alƙalami saboda abin da ya bar mini ya lalace, na kai an gyara, gyaran kuma ya watsa wani zama da muka riƙe tun bayan rasuwarsa. Zan faɗi abin bi da bi, yadda ya faru.

Salisu bai zauna gona ba kamar mahaifinmu. Tun yana saurayi yake bin ƴan kasuwar da ke kai hatsi Najeriya. Wata tafiya ya dawo da kwali a ƙarƙashin hammata. A ciki akwai akwatin roba mai ruwan toka, da abin riƙewa guda biyu masu waya, waɗanda muke ce wa manet, da kasat rawaya guda ɗaya. Ya haɗa shi da ƙaramar tele, wato talabijin, da batirin mota a zauren gidanmu, domin lokacin kuran, wato wutar lantarki, bai iso unguwarmu ba. Ra'ayina a ranar shi ne wannan ɓata lokaci ne, kuma har yau ban janye ra'ayin duka ba. Na gindaya masa sharaɗi: a kashe da zarar an kira salla, kada ɗan lakwal ya shiga a lokacin karatu, kada a sa caca. Ya ce ya ji. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ya riƙe sharaɗin har ƙarshen ransa, shi da ba ya iya riƙe alkawarin lokacin cin tuwo.

A jikin kasat ɗin an rubuta cewa wasanni masu yawa ne a ciki, amma kaɗan ne suke ta maimaita kansu da sunaye daban-daban. Guda ɗaya ya kama mutane, wanda muke ce wa Tankoki. Ga wanda bai san shi ba: mutum biyu ne ke bugawa, kowa da tankarsa. A ƙasan tele akwai ɗan gida da aka kewaye da bulo. Tankokin abokan gaba suna saukowa daga sama. Idan aka harbe gidan, ku biyun kun faɗi tare, ko da ɗayanku bai ji ciwo ko kaɗan ba. Idan kuka gama da su, sai ku wuce zango na gaba. Akwatin ba ya ajiye inda kuka tsaya. Ko kun kai ina, idan aka kashe shi sai ku koma zangon farko.

Abokin bugun Salisu shi ne Isuhu, mahauci a kasuwar garin nan, wanda suka tashi tare. Tsarinsu bai taɓa sauyawa ba. Isuhu ne ke kutsawa sama yana harbi, Salisu kuma yana ƙasa yana tsare gida. Ina zaune ƙofar zaure nakan ji su.

“Kai Salisu, barci kake? Ga guda nan ta hagunka.”

“Yi naka aiki, sarkin pawa. Tun kana wurin yanka na gan ta.”

Nakan yi mamakin wannan. Mutumin da ba ya kwana biyu a gari ɗaya, shi ne a cikin tele ba ya gusawa daga ƙofar gida.

Yana da hanyarsa ta kula da akwatin, kuma na koye ta ba tare da na yi niyya ba. Bayan kuran ya iso, ɗan baƙin abin da ake cusawa a bango yakan yi zafi har ba ya taɓuwa, sai Salisu ya zuba yashi a kasko, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa leda, ya ɗora shi a kai. Kasat kuma kafin a sa, sai an hura masa iska da baki, a tura shi a hankali, a toshe gefensa da tsinken ashana don kada ya motsa. Wanda duk ya tsallake ɗaya daga cikin waɗannan ba zai ga komai a tele ba sai zane-zane.

Rashin lafiyarsa ba ta daɗe ba. Zazzaɓi ne a ƙarshen damina, muka kai shi asibiti a Maradi, muka dawo da gawa. Da aka zo rabon gado ba wanda ya sa akwatin a lissafi. Matarsa ta koma gidansu a Kornaka da yaran, ta ce a bar shi inda yake. Bayan sadakar arba'in Isuhu ya same ni a ƙofar gida, ya yi ta zagaye-zagaye, daga ƙarshe ya ce, “Yaya, ko za ka buɗe muna zauren ran Juma'a? Ba don komi ba, kar abin shi lalace da ajiya.” Na buɗe. Daga nan kowace Juma'a bayan la'asar nake share zauren, in jiƙa yashi, in shimfiɗa tabarma. Isuhu ne ke tattaro su. Akwai Mushe Haruna, malamin lakwal, wanda ya gaji tsaron gida a madadin Salisu, akwai wasu kuma da suke zuwa suna fashi. Dukansu magidanta ne yanzu, wasu da furfura a gemu.

An sha tambayata me manyan mutane suke nema a wasan da suka buga tun suna samari, wanda suka san kowane lungu nasa. Mushe Haruna yakan ce tunawa da ƙuruciya ce. Ni ban yi ƙuruciyata a gaban tele ba, amma na zauna na kalla shekara da shekaru, kuma ina da tawa fahimtar. A cikin wasan nan komai yana zuwa a lokacinsa. Zango na biyu ba ya riga na farko. Tankar da ta fito daga kusurwar dama bara, daga nan za ta fito bana. Mutumin da ya wuni yana fama da farashin dabba da ba ya tsayawa wuri ɗaya, ko damina da ba a san ranar da za ta ɗauke ba, idan ya zauna a nan yakan samu abu guda da bai sauya masa fuska ba.

Nakan tambayi kaina me Salisu zai ce da ya ga Dakoro ta yau. Fanno mai tara wuta daga hasken rana a kan rufin gidaje, ba mai ɗaukar batirin mota a ka zuwa wurin caji. Yara kowa da salula a hannu, kowa da nasa wasan, kai a sunkuye, ba mai ce wa ɗan uwansa ga guda nan ta hagunka. Wani ɗan maƙwabcina ya nuna mini cewa Tankokin ma suna cikin salularsa, har yana iya ajiye inda ya tsaya ya ci gaba gobe. Ina jin Salisu zai karɓi salular ya jujjuya, ya yi sha'awa, domin shi mai son sabon abu ne. Amma ina jin kuma zai tambaya ina wurin mutum na biyu.

A bazarar bana abin ya faru. An ɗauke kuran muna tsakiyar zama, aka maido shi da ƙarfi, sai muka ji ƙauri. Muka hura kasat, muka sauya waya, muka gwada wata tele, shiru. Masu gyaran salula na nan suka duba suka ce ba aikinsu ba ne. Na naɗe shi a zane na hau motar Maradi, aka kwatanta mini wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Ya kwance shi, ya kai hanci, ya girgiza kai.

“Malam, cikin nan ya ƙone. Irin shi an bar yi tun da daɗewa.”

Na ce, “To mi ya rage?”

“Akwai sabon ciki da ka zowa daga Kano. In sa maka shi cikin tsohuwar robar, kasat ɗinka zai hau, manet ɗinka za su yi. In ba kai ka faɗi ba, ba mai sani.”

Na ce ya sa. Na kuma ce ya ba ni ƙonannen in tafi da shi, ya zuba mini a leda. A mota ina ta tunanin maganarsa ta ƙarshe. Ban saba ba mutum buhu in ce masa gero ne alhali na san da gauraye a ciki ba. Saboda haka ranar Juma'a, kafin in cusa waya a bango, na ce su saurara. Na faɗa musu abin da ya ƙone, da abin da aka sa, da abin da yake na asali har yanzu. Mushe Haruna ya ce ai ba komai, tun Salisu na da rai an sauya manet, an sauya tele, an sauya waya, wannan ma ɗaya ne daga ciki. Isuhu ya matso gaban tele. Ya ɗauki manet ɗinsa.

Tun daga ɗan kiɗan da ke tashi a farkon zango na ga ya ɗaga kai. Ni ma na ji kamar kiɗan ya ɗan yi siriri, amma ban tabbata ba. Suka fara. Isuhu, wanda ke wuce zangunan farko yana hira ba tare da ya dubi tele sosai ba, sai ga shi yana makara. Yakan juya bayan tankar ta riga ta wuce, yakan harba inda ba kowa. A zango na uku ya dawo ƙasa da gudu don ya taimaki Mushe Haruna, hannunsa ya danna a lokacin da ya saba dannawa, harsashin ya fasa bulo ya shiga gidansu. Shi da kansa ya rushe gidan.

Wani ya yi dariya. Isuhu ya ajiye manet a kan tabarma a hankali.

“Shina sauri, Yaya. Wanga ba shi ba ne.”

Mushe Haruna ya ce, “Haba Isuhu, tsuhwa ce ta kama ka, ka ɗora ma akwati.”

“Shekara nawa ina bugun abin nan? Ni za ka gaya ma? Da can in na ƙirga a raina, tanka na isowa daidai. Yanzu ta riga ni.”

Ya zauna har aka kira magariba, domin shi mai ladabi ne, amma bai sake taɓa manet ba. Juma'a ta gaba bai zo ba. Da ya daina zuwa, waɗanda yake tattarowa suka fara raguwa ɗaya bayan ɗaya. Na kira mai gyaran nan ta salula, ya ce gaskiya ne, sabon cikin ya ɗan fi tsohon gudu, haka ake yin su yanzu, ba kuma abin da zai iya yi.

Na je na samu Isuhu a rumfarsa ranar kasuwa, yana sara ƙashi. Na gaya masa yana da gaskiya, mai gyara ya tabbatar. Na ce idan ya daure mako kaɗan hannunsa zai saba, kamar yadda na Mushe Haruna ya saba. Ya goge hannu a tsumma.

“Na sani zan saba, Yaya. Shi ne ba ni so. Hannun nan tare da na Salisu ya koyi lokacin. In na koya mishi wani, wancan ya tahi ke nan.”

Na yi masa sallama. Da na juya zan tafi sai ya tambaye ni ko na yar da ƙonannen. Na ce yana nan a leda. Ya ce in ba zan yi komai da shi ba yana so. Washegari na kai masa.

Na yi ta auna maganar nan tun daga lokacin. Na san ƙanena. Da yana raye, shi zai fara kai akwatin Maradi, ya dawo yana yabon sabon ciki, ya yi wa Isuhu tsiya har sai ya ɗauki manet. Amma Salisu ba ya nan da zai yi wannan tsiyar, ni kuma ban iya ta ba. Abin da na iya shi ne share zaure da jiƙa yashi a kan lokaci, kuma na gane cewa wannan kaɗai ba ya tara mutane. Shekara tara ina tsammanin akwatin ne ke kawo su. Ashe Isuhu ne, shi kuma abin da ke kawo shi ya ƙone a bazara.

Gwiwoyina sun fara ciwo, idona ba ya jure hasken tele kamar da. Makonnin baya mu biyu ne kawai da Mushe Haruna, shi yana tsare gida, ni ina riƙe da ɗayan manet ɗin ina ɓata masa wasa. Juma'ar da ta wuce na ce ya ɗauki akwatin ya kai gidansa, ƴaƴansa su buga, tun da su ba su san wani gudu ba sai wannan. Ya yi gardama kaɗan, sannan ya naɗe wayoyin. Na juye yashin kaskon a bakin ƙofa.

Idan aka tambaye ni abin da ya rage na Salisu, ba zan nuna roba ko waya ba. Mutanen nan da suka zauna bibbiyu a zaurenmu har yau ba a yin suna ko jana'iza a gidan ɗayansu sauran ba su riga kowa isa ba, kuma Isuhu ne ke aika wa ƴaƴan Salisu nama Kornaka duk salla ba tare da an roƙe shi ba. Wannan ya ishe ni shaida a kan ƙanena. Sai dai ba zan ɓoye ba, Juma'ar nan da ke tafe ita ce ta farko da zan dawo daga la'asar in wuce ƙofar zauren a rufe, kuma ban san inda zan zauna ba.

Allah ya haskaka kabarinka, Salisu, ya yafe maka, ya sa mu tarar da kai cikin rahama.