Jar Kwalba da Koriyar Kwalba

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari, don tsoron kada in ci naman mutanen da wataƙila sun riga mu gidan gaskiya. Amma abu ne da ba zan taɓa mantawa ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Kafin mulkin kai ne, shekarar da aka haifa mini ɗan fari a ƙauyenmu kusa da Kiru. Ran kasuwar Bebeji wata mota ta zo da garmaho, da hoton wani ƙaton ɗan kokawa a jikinta. Mai tallan ya hau sama yana ɗaga kwalbar maganin ƙarfi mai jar takarda: "Ina mazan? Kai mai dogon wuya, da wannan jikin za ka ciri gyaɗa bana? Ko matarka ce za ta karɓi fartanyar?" Kasuwa ta kwashe da dariya, ni kuwa yake nunawa. Kunya ta sa na saya. Ya raɗa mini cewa sirrin maza ne, kada mace ta gani. Ga ɗaci, ga wari kamar kananzir, ya kuma riƙa kora ni bayan gari, amma dama an ce mana datti ne zai fita.

Ana cikin haka yaron ya kama zawo. Kun san al'adarmu: ɗan fari ba ka ɗaukarsa, ba ka kiran sunansa, balle ka tambayi lafiyarsa a gaban manya. Ina jin kukansa ta katanga, kullum yana ƙara shaƙewa.

Wata safiya ƙanwar mahaifina ta fito da shi, ta gifta ta gabana. Idanunsa sun faɗa. Sai na ji warin nan daga bakinsa. Na ce, "Gwaggo, me ake ba shi?"

Ta ce, "Au, yau kai ne da tambaya? Maganin ƙiba ne, dillaliya ta kawo wa uwarsa."

Aka ɗauko kwalbar: koriyar takarda, da hoton jariri mai manyan kumatu. Na ɗauko tawa, na shinshina, na ɗanɗana. Abu ɗaya ne! Abin da ke murɗa cikin ƙato, shi ake ɗura wa jinjiri. Matata daga cikin ɗaki ta ce cikin kuka, "Dillaliyar cewa ta yi nonona ya tsinke, in ban ba shi ba, ba zai kai yaye ba. Ta ce zancen mata ne, kada maigida ya ji."

Na tuntsurar da kwalaben a ƙasa, na karɓi ɗana na saɓa a kafaɗa, unguwa tana kallo, Gwaggo tana salati, sai asibitin sha-ka-tafi. Allah Ya tashi kafaɗunsa, yanzu har ya aurar.

Ku duba mugunta: ni aka kama ni da gori a bainar jama'a, ita aka kama ta da tsoro a ƙuryar ɗaki, aka kuma dogara da kunyarmu cewa ba za mu haɗa kwalabe ba. Tun ranar, duk abin da mai talla ya ce in ɓoye wa iyalina, su nake fara nunawa.

Ashe daga motar nan dillaliyar take sarowa. Na ji an ce motar ta nufi Tudun Wada da Doguwa. Don Allah, duk wanda ya tuna ta, ya sanar da ni: yaran da aka ba koriyar kwalba a can, sun rayu?