Makullin Da Na Ɗora A Teburin Mai Shayi

Malam Edita, ni tsohon direban tirela ne a nan Maiduguri, mazaunin Dala. Karatuna bai wuce aji uku na firamare ba, shi ma rabinsa a bakin taga na yi shi saboda surutu, don haka ka gyara mini rubutun, amma kada ka gyara labarin. Shekara talatin da wani abu na yi a kan sitiyari. Na fara da ɗaukar banda daga kasuwar kifi ta Baga Road zuwa Kudu, har ƙaurin kifi ya zama turarena. A lokacin ina da baki, ina da gemu mai furfura, kuma ina ganin babu wanda ya kai ni wayo tsakanin nan da Onica.

Abin da iyalina ba su sani ba shi ne, ba ƙarfina ke kai ni Kudu ba, tiramol ne. A ƙofar yadinmu, inda muke ajiye motoci, akwai wani mai shayi da muka daɗe tare. Ba a faɗar abin da baki a wurinsa. In ka zauna ka ɗora makullin motarka a kan tebur, ya san kana da tafiya, sai ya fasa maka ƙwaya biyu a cikin shayin kafin ya zuba madara. In makullin yana aljihu, shayi ne zalla. Haka muka yi shekaru, ni da shi da sauran direbobi, muna kiran abin shayin tafiya.

Da kamfaninmu ya samu aikin kai kayan abinci na masu agaji, sai aka zo da sharaɗin gwajin fitsari. Na yi ta yi wa abin dariya, ina cewa mutumin da ya san kowane rami daga nan zuwa Damaturu ba ɗan tsinken roba ne zai kayar da shi ba. Tsinken ya kayar da ni a minti biyar. Manajanmu, wani ɗan kabilar Ibo da aka haifa a nan, wanda Kanurinsa ya fi nawa, ya karɓi makullin da hannu biyu kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa. Ya ce mini saboda furfurata zai ajiye mini motar wata shida. In na dawo fitsarina ya fita fes, zan hau abata. In kuma ya sake nunawa, ko shi ba shi da ikon yin komai.

Wata shidan nan ban taɓa shan wuya irinta ba. Makon farko jikina ya yi ta rawa, ga gumi, ga gudawa, ƙasusuwana kamar ana sara su. Maiɗakina ta zauna a kaina tana shafa mini ruwa, tana cewa ashe shekara da shekaru da ƙwaya take aure ba da ni ba. Na je asibiti na bi layi tare da yaran da na haifi iyayensu, likita yana kirana Baba yana tambayata guda nawa nake sha, ina rage masa lissafi yana murmushi. Amma na daina. Wallahi na daina. Har na fara jin ɗanɗanon miyar kuka, har na koma sahun farko a masallacin unguwa.

Ranar da wa'adin ya cika na saka farar shadda na tafi yadi da sassafe. Manaja ya ga na yi ƙiba, ya ji daɗi, ya ce mai gwajin sai bayan azahar za ta zo, amma tunda ya yarda da ni, ga makulli, in je in tayar da injin ya ɗan yi zafi. Da na riƙe makullin nan sai tsohon halina ya motsa. Maimakon in nufi mota, sai na nufi teburin mai shayi, inda samarin direbobi suke zaune. Suka fara tsokanata, wai ga Alhaji mai tuba ya dawo, wai sun ji yanzu ko goro sai na tambayi likita. Ni kuma don in rufe musu baki, na zaro makullin na buga shi a kan tebur, na ce su duba da kyau, tsohon da suka binne ya tashi. Mai shayi ya yi mini wushe, gaisuwar Kanuri, ya kalli makullin, ya juya baya ya haɗa abin da makulli yake nufi.

Ga inda nake so ka ji ni da kyau, don wannan ne ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na gaya wa maiɗakina da manaja cewa ban sani ba. Ƙarya nake yi. A kurɓar farko na ji ɗacin nan a bayan harshena, na gane shi kamar muryar tsohon aboki. Da na tofar na ajiye kofin, wataƙila da na tsira. Amma samarin suna kallona, kuma jikina ya yi wani irin murna da na ji kunyarta. Na shanye har ƙasan kofin, na ma sa biredi na goge.

Daga nan sai wauta ta biyu. Na sayi ruwan fiya wata har leda goma sha biyu na ɗura wa cikina, ina zirga-zirga bayan katanga kamar tsohon rago, wai zan wanke shi kafin azahar. Da mai gwajin ta tsoma tsinken, sai ta miƙa wa manaja. Ya daɗe yana kallon abin, sannan ya ce, Baba, ashe ni na yi laifi da na ba ka makulli da wuri. Wannan maganar ta fi mini zafi a kan zagi.

Yanzu ina kasuwar kifi ta Baga Road inda na fara. Aikina in tsaya a bayan manyan motoci ina ɗaga hannu, ina cewa zo, zo, tsaya, direba ya jefo mini abin da ya samu. Wani lokaci motata takan shigo, wani yaro ne a kanta da ba ya jin kukan giya ta uku, ni nake nuna masa inda zai tsaya. Shekaruna sun ja, babu kamfanin da zai sake ɗaukata, kuma labari ya riga ya zaga duk yadi.

Ban riƙe mai shayi a zuciya ba, abin da muka koya masa ya yi. Abin da na gane a makare shi ne, daina ƙwaya bai isa ba in ba ka daina zama inda ake ba ka ita ba, kuma son a ga ka dawo ya fi ƙwayar haɗari. Direbobi 'yan uwana, duk wanda aka ba shi dama ta biyu, ya sa makullinsa a aljihu ya wuce mota kai tsaye, ya bar masu dariya su yi abarsu. Ni wata shida na yi ina haƙuri, na kasa haƙurin ajiye kofi ɗaya.