Zaɓin Kujerar Baya

Goggona, ƙanwar mahaifina, guga take yi a wani otal. Ɗakin aikinsu yana can ƙasa, ba taga, injinan wanki na ruri tun safe, sai mutum ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji. Zannuwan gado, rigunan filo, tawul, kayan ma'aikata, duk ta hannunta suke bi. Abokan aiki suna ce mata Anti Tururi, don kullum gilashinta a dushe yake, sai ta ture shi goshi ta leƙo ka ta ƙasa.

Ba ta yi aure ba. Lokacin da sa'o'inta ke tafiya ɗaya bayan ɗaya, kakanmu ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki. Mazan gidan kowa da iyalinsa, sai jinya ta faɗo kanta, ba wanda ya ce ta ɗauka, ba kuma wanda ya zo karɓa. Tsohon ya rasa magana, amma bai rasa son talabijin ba. Akwai wani shiri mai dogon zango da suke kallo tare, labarin ma'aikatan wani jirgin ruwa na dakon kaya: kyaftin mai taurin kai, kuku mai surutun tsiya, da wata mata a tashar bakin teku wadda aikinta amsa rediyo. Jirgin na kiranta, tana ba su labarin iska da ruwa, ba ta taɓa hawa ba. Da kakanmu ya rasu aka sayar da gidan, Goggo ta kama ɗaki ɗaya a saman wani shagon taya. Ba a daɗe ba shirin ma ya ƙare.

Ni na saka ta a zauren masoya shirin a intanet, don na gaji da ganinta tana maimaita tsofaffin sassan shirin ita kaɗai. Da aka ce ta zaɓi sunan da za ta yi amfani da shi, ta ce, "Sa Kujerar Baya. Ko a makaranta can nake zama."

A zauren suna da abin da suke kira musayar kyauta, sau ɗaya a shekara. Kowa ya faɗi abin da yake so ya gani, shugabar zaure ta raba sunaye a asirce, wanda ya sami sunanka ya yanko guntayen shirin ya ɗora su a kan waƙa, ya haɗa maka bidiyo. A sake su duka rana ɗaya ba tare da sunan masu yi ba, sai an kwana biyu a bayyana.

Shekarar farko Goggo ta gwada. Yatsunta da dutsen guga ya busar, allon wayar ma ba ya jin su sosai. Bidiyon ya fito hoto na gabas, kiɗa na yamma. Wadda aka yi wa ta rubuta, "Na gode," shi ke nan. Goggo ta yi dariya ta ce mini, "Ɗiyata, kunya ce ta hana yarinyar nan zagina."

Sai ta ba wa kanta wani aikin. Duk bidiyon da aka saki sai ta kalle shi daga farko har ƙarshe, a bas, a lokacin hutun cin abinci, a kan matattakala inda sabis ya fi kamawa. Daga nan ta rubuta waɗanda suka fi burge ta da dalilinta. Ba ta bin yawan masu kallo. Takan ce, "Ku je ku ga wannan, mai shi ya lura cewa kyaftin ba ya zama sai kowa ya zauna." Ko ta ce, "Waƙar ba ta yi mini ba, amma ku jira wurin da kuku ya juya baya yana yanka albasa, a nan za ku gane wanda ya haɗa ya taɓa yin kuka a kicin." Mutane suka fara jiran Zaɓin Kujerar Baya. Ganin haka shugabar ta ce ko ba ta haɗa komai ba, a riƙa sa sunanta cikin masu karɓa.

A wajen waya kuwa ba mai sauraro. Ta taɓa miƙa wa mai ninke tawul iyafis ɗaya ta sa a kunne don su kalli wani bidiyo tare, matar ta kalli rabin minti ta ce, "Anti, wai har yanzu jirgin nan bai iso ba?" Mahaifina idan ta fara, sai ya duba agogo ya ce, "Ke dai da abinki." Ta daina nuna wa kowa.

Zauren ma yana ta raguwa. Wasu sun koma sababbin shirye-shirye, wasu haihuwa da aiki sun ɗauke su. A shekarar da nake ba ku labari, Goggo ta roƙi abin da ba ta taɓa roƙa ba: bidiyo a kan mai rediyo. Ranar da aka saki kyaututtuka na je ɗakinta. Ta sayi lemo, ta share ɗakin, ta sa waya a caji tun asuba. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunan wanda aka yi wa. Babu nata.

Shugabar ta turo saƙon ban haƙuri: wanda ya sami sunanta ya ɓace, ba ya amsawa, za a nemi wani ya cike.

"Kada ki wahalar da kowa," Goggo ta rubuta mata. Ta juyo ta ce mini, "Sha lemonki kafin ya huce."

Duk da haka ta rubuta zaɓinta. A ciki ta sa wani bidiyo da kusan ba wanda ya buɗe, na wani mai suna Makanike a zauren. Ba fuskar kowa a ciki, hannaye ne kawai: masu jan igiya, masu goge mai, masu riƙe kofi. Ta rubuta, "Wannan mutumin ya san aiki, ba haɗa bidiyo kaɗai nake nufi ba."

Bayan wata guda da 'yan kwanaki, tana tsakiyar guga, wayarta ta motsa a aljihu. Ta fita matattakala. Makanike ne ya cike gurbin. Bidiyon ya fara ba waƙa, sai shuuu ɗin rediyo da muryoyin jirgin suna kira. Matar tana amsawa, tana cin abinci a tsaye, tana shayar da wata shuka a gwangwani. Sai can kusa da ƙarshe kiɗa ya shigo a hankali, daidai inda aka nuna ta tana kulle tashar za ta tafi gida, abin da Goggo ta rantse ba ta taɓa lura an nuna ba. Ta ce mini ta daɗe a zaune har mai kula da su ya leƙo yana tambaya ko jiri ne.

Ta rubuta masa godiya mai tsawo. Ta ba shi labarin kakanmu, abin da ba ta taɓa faɗa a zauren ba. Ya amsa a taƙaice: shi ma da mahaifiyarsa yake kallo, yanzu tana asibiti, a gefen gadonta ya haɗa bidiyon. Goggo ta tambayi jikin tsohuwar. Bai amsa ba. Ta sake tambaya bayan mako, ta ƙara da cewa ta san yadda ake juya mara lafiya ba tare da bayan mutum ya ƙage ba, idan yana so ta kwatanta masa. Saƙon ya shiga, ba a buɗe ba. Har yau ba a buɗe ba.

Shekarar da ta biyo, waɗanda suka sa suna ba su kai a yi musaya ba. Shugabar ta yi sallama da kowa cikin mutunci, ta bar zauren a buɗe ga mai son shiga.

Goggo na nan tana gugarta, gwiwa ce dai ta fara damunta. Ta kwashe bidiyoyin da take so a memori, don ta ji ana cewa irin waɗannan suna ɓacewa. Ranar hutunta da ta wuce na same ta a bakin taga, ƙafarta a kan bokiti, tana rubutu a waya da yatsa ɗaya. Ashe ta koma tsofaffin shekaru, kafin ta shiga zauren, tana tono waɗanda ba wanda ya yi musu sharhi.

"Goggo, wa zai karanta?"

"Akwai mutum ɗaya da ke danna alamar so," ta ce. "Ban san ko wane ne ba. Wataƙila ma hannunsa ne ke taɓawa." Ta miƙo mini wayar. "Duba mini, kalmar nan haka ake rubuta ta?"

Na gyara mata harafi ɗaya. Ta karanta a bayyane, ta tura, sannan ta ce in taimaka mata ta miƙe, ruwan shayi ya tafasa.