Buhu Ɗari Uku a Bakin Gada

Mahaifina da jakai ya yi fatauci kafin ya zauna ya rungumi noma, kuma duk ƙasar Gwaram ba na jin akwai wanda ya fi shi iya ɗaura wa jaki kaya. Zai ɗaga mangala ya jijjiga, ya ce a rage tiya biyu daga wannan ɓarin. Bai taɓa yarda a zalunci dabba ba. Amma mota a wurinsa ƙarfe ce, ƙarfe kuwa ba ya gajiya. Ni ne direba, shi ko sitiyari bai taɓa riƙewa ba, duk da haka in muka zauna shi yake koya mini lodi.

A shekarun da kuɗin mai ya shigo, ina jan wata gingimari mai bodin katako, mai ɗaukar tan bakwai, ta wani Alhaji a Birnin Kudu. Lokacin kowa siminti yake nema. Tireloli suna fitowa daga Kano da kayan da ya fi ƙarfinsu, har kwaltar da muke taƙama da ita ta yi kwari biyu inda tayoyi suke bi, tsakiya ta yi tozo. Na ga motocin da birki ya ƙi musu a gangara, na taimaka an ciro mutane daga ƙarƙashin buhuna. Tun daga nan na daina jin daɗin kirarin da ake yi wa direba don ya ɗauko abin da wani ya kasa.

Ƙauyenmu yana can gefen Farin Dutse. Masallacinmu na ƙasa ne, duk damina sai ya yi yoyo, duk rani sai an yi masa yaɓe. Wata shekara mutanen gari suka yi shawarar a rushe shi a gina na bulo, suka ɗora wa mahaifina jagoranci, saboda dattijo ne kuma ɗansa direba ne. Maigidana ya ba da motar kyauta, sadakarsa ke nan, amma sawu ɗaya, rana ɗaya, don washegari tana da lodin Maiduguri. Mahaifina kuwa ya tsaya a gaban jama'a bayan sallar Juma'a ya yi alkawarin siminti zai iso gaba ɗaya, a motar ɗansa. Ban ji wannan alkawari ba sai da muka isa Kano.

Buhu ɗari uku suka saya. Motata ɗari da arba'in ne hakkinta. Da 'yan dako suka kai nan na ce su dakata, mahaifina ya leƙa bodi ya ga kayan ko rabin katako bai kai ba, ya dube ni kamar na zage shi.

A nan rigimar take, kuma ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Mutanenmu da ido suke auna mota. Sun saba da auduga da dammunan dawa da gyaɗa mai ɓawo, kayan da sai ka yi musu tsiri sun wuce rufin direba kafin motar ta san an ɗora mata wani abu. A wurinsu mota ta cika ne in babu wurin sa ƙafa. Mahaifina ya sha ganina na wuce da auduga kamar na ɗauko ɗaki guda, yau kuma ga ni ina cewa a tsaya alhali ana hango ƙasan katako. Na nuna masa sifirin, ƙarfen da ke tallafe da bodi, ya miƙe sambal, na nuna masa taya ta fara kwanciya. Na ce ya tuna gishiri da auduga a bayan jaki, ai ba mangala ɗaya ake yi musu ba. Ya ce jaki rai gare shi.

“Ido ba mudu ba, ya san kima,” in ji shi. “Motar nan ba ta cika ba. Ku ci gaba da lodi.”

Dattawa uku na garinmu suna tsaye, ga 'yan dako suna kallo. Na yi shiru aka loda sauran. Idan akwai kuskuren da na yarda na yi a wannan rana, to wannan shirun ne.

Tafiyar da nake yi kafin hantsi ya dubi ludayi, ranar sai bayan azahar muka shiga Birnin Kudu. Gaban motar ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau a hannuna, in na taka birki sai ta yi tunani tukuna kafin ta amsa. Sau huɗu ina tsayawa ina zuba wa tayoyi ruwa. Mahaifina yana gefena yana jan carbi, duk ramin da muka wuce lafiya sai ya dube ni ta wutsiyar ido. A hanya wani mai duba motoci ya tsai da mu, ya durƙusa ya kalli sifirin, ya kalle ni. Na so ƙwarai ya kama ni. Da ya ji kayan masallaci ne sai ya ce Allah ya ba da lada, ya ɗaga mana hannu.

Daga Gwaram muka sauka kan burji. Kafin ka shiga garinmu akwai wata 'yar gada a kan rafi, tun ta zamanin Turawa, faɗinta mota ɗaya. Ita ce kaɗai hanyarmu in ruwa ya sauka. Ta kanta ake fita da mai naƙuda zuwa asibiti, ta kanta ake kai hatsi kasuwa. Da muka hango ta, sai ga rabin gari a tsallake da ma wannan ɓangaren, sun fito taryar siminti. Tun kafin in tsaya samari suka fara ɗarewa kan buhunan, wai su shiga gari a kai.

Na tsaya nesa da bakin gadar, na kashe mota, na sa duwatsu a bayan taya. Na gangara ƙasan rafin na duba. Tsagar da na sani a ginshiƙin tsakiya tana nan, ta ƙaru, hannuna ya shiga har wuyansa. Na hau sama na ce a sauke buhu ɗari da sittin, in haye da saura, in dawo in kwashi na ƙasa.

Nan take kowa ya fara magana. Ga hadari ya haɗo daga gabas, siminti kuma a buhun takarda yake, saboda haka masu cewa kada a sauke ba mahaukata ba ne. Liman ya ja ni gefe da lallashi, ya ce kayan ɗakin Allah ne, Mai ɗakin zai tsare abinSa. Na ce, Allah gafarta Malam, Shi ne kuma ya ba ni ido. Wani ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na ce to ba ni zan kai shi ba. Wani da ya taɓa jan tarakta a gandun gwamnati ya ce in ba shi makulli in tsoro nake ji. Na zare makullin na jefa a aljihun 'yar ciki, na nemi dutse na zauna. Raina ya ɓaci sosai, kuma tsoron ma ina jin sa, ban ɓoye ba.

Sai da surutu ya lafa mahaifina ya tako ya tsaya a kaina.

“Na yi wa mutanen nan alkawari da bakina,” ya ce. “Tashi ka haye.”

“Baba, ka ce in kwanta a gaban motar nan a bi ta kaina, zan kwanta. Amma ba zan hau gadar nan da ɗari uku ba.”

Ban taɓa ce masa a'a ba sai ranar, kuma a gaban garin da ya haife shi. Sai ya cire rawaninsa ya naɗe shi gammo, ya je bayan mota ya ce a ɗora masa buhu. Mutumin da ya haura saba'in. Na zabura na riƙe buhun, ya buge mini hannu.

“Kada ka taɓa. Kayan Allah ya yi maka nauyi.”

Haka ya haye gadar da buhu a ka, ya dire a tsallake ya juyo. Wa zai zauna? Gari ya ɗauka. Manya da samari, har mata masu dawowa daga rijiya suka ajiye tuluna suka kama, biyu-biyu. Kowa ya zo wucewa ta gabana sai ya kau da kai. Abin da na roƙa shi ake yi, amma an mai da shi bulala, kuma ta shige ni. Ina zaune ina ƙirga buhunan a zuci. Da suka kwashe ɗari da arba'in suka tsaya suna haki, suka ce ai yanzu sai in tashi. Na ce saura ashirin. Wani ƙanen mahaifina ya ɗaga hannu zai mare ni, aka riƙe shi. Sai da ashirin ɗin nan suka sauka na tayar da mota, na sa giya ɗaya, na haye ni kaɗai ba kowa a baya. Na juye a gari na dawo na kwashi waɗanda aka dire a bakin gada, sawu biyu. Muna rufe tamfol na ƙarshe yayyafi ya fara, buhu shida ne suka jiƙe, kuma har yau akwai masu tuna mini shidan nan.

An gina masallaci. Gada ba ta faɗi ba, balle in ce ga abin da na faɗa. Wasu direbobin sun haye ta da kayan da ya fi nawa, kuma duk wanda ya haye sai an aiko mini da labari har Birnin Kudu. Aka sa mini suna Mai Sikeli. Wannan bai dame ni ba, ina ma amsawa. Abin da ya dame ni mahaifina. Shekara uku in na durƙusa na gaishe shi zai amsa, don ba ya wasa da hakkin sallama, daga nan sai ya juya ya ci gaba da magana da wani. In na kawo masa goro sai ya miƙa wa na kusa da shi. Innata ta yi ta fama da ni, ta ce kalma ɗaya ce, in je in ce na yi kuskure, me zai ragu a jikina? Na ce zan ba shi haƙuri sau dubu a kan kunyar da ya ji, amma ba zan ce baƙi fari ne ba. Ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, Allah ya shirye mu mu biyun.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi aka kawo shi asibitin Birnin Kudu. Na dawo daga tafiya na tarar yayyena a bakin ɗakin, babban ya ce mini likita ya gama nasa, in shiga in nemi gafara, kuma don Allah duk abin da ya ce in ce to.

Na shiga na durƙusa a gefen gadon. Ya rame har na ga ƙasusuwan wuyan da ya ɗauki buhun nan. Na ce, Baba, ka yafe mini. Ya buɗe ido ya gane ni.

“Ka yarda motar ba ta cika ba?”

Yayana yana bayana yana taka mini ƙafa. Innata ta sunkuyar da kai. Na san abin da ake so in faɗa, kuma wallahi na so in faɗe shi, har ya zo mini baki.

“Ta cika, Baba. Tun a Kano ta cika.”

Ya rufe ido. Na ɗauka shi ke nan, na rasa. Can sai na ji hannunsa a kaina, ba nauyi ko kaɗan.

“Na yafe maka duniya da lahira,” ya ce. “Amma ba ta cika ba.”

Washegari da hantsi ya cika.